Lamba Arba'in da Bakwai

Ni ke gadin ƙofar yamma ta jami'a,
shekara tara ke nan,
kujerata ƙafa uku ce, ta huɗun dutse.
Ban yi boko ba,
amma ina karanta abin da ke shigowa.

Kafin rana ta leƙo
Cima ta iso daga Jiratawa,
kwandon zogale bisa kai,
laka ba ta bushe a dugaduganta ba.
Bayanta amalanken Barmo,
itacen sabara da buhun wake,
jakin ya fi sabon ɗalibi
sanin hanyar ɗakin girki.

Sannan ƴaƴan mutane su biyo.
Wancan mai farar riga da biro a aljihu,
jajayen awaki biyu ne ke tafiya,
an sayar da su ran kasuwar Sabon Mashi.
Waccan mai gilashi
aya ce ta Cadawa, tiya ɗari,
uwarta ta tankaɗe ta da tari a ƙirji.
Ina gaishe su da sunansu,
a zuciya ina gaida rumbun da aka buɗe.

Wata Talata mota ta dawo daga daji
cike da ƙananan ledoji,
kowace da lamba a wuya kamar maras lafiya a asibiti.
Ɗaya ta faɗo, ta fashe gaban takalmina.
Na duƙa, na murza, na sansana.
Jigawa ce mai ja-ja, da ɓurɓushin kashin gara.
Na ce, wannan ta gabas da Sarkin Yamma ce,
kusa da gawon da tsawa ta raba biyu.

Hurera ta dubi takardarta,
ta dube ni.
Ta ce, Baba Nomau, wa ya faɗa maka?
Na ce, wa ke faɗa wa mutum muryar uwarsa?
Nan aka binne cibiyata.
Gonar tamu ce, kafin gado ya yanka ta bakwai,
rabona bai kai shimfiɗar tabarma goma ba,
shi ya sa kika same ni a bakin ƙofa.

Sati uku suna gasa ta, suna jiƙa ta,
suna auna ta a sikelin da numfashi ke motsawa.
Amsa ta fito cikin faransanci, shafi biyu.
Hurera ta juya mini ita:
ƙasar ta gaji.
Na yi dariya har hulata ta faɗi.
Gaugai ya riga ku faɗa, ƴata,
tun shekarar da ya yi mana fure cikin gero.
Ta ce, shi ya faɗi ciwon,
mu muna neman awon magani.
Nan na yi shiru,
don mai gaskiya ko ƙarami ne a ba shi wuri.

Tun ranar, in ta tashi daga aji,
takan zauna bisa dutsen kujerata da littafi.
Wace ciyawa ce wannan?
Me ya sa ba a sare gawo?
Ina faɗa, tana rubutawa,
ta ce sunana zai shiga shafin farko.
Na ce ki sa na gonar, ta girme ni.

Ran da ruwan shuka ya sauka
sai ka zo ka ga jami'a.
Azuzuwa kamar kasuwa bayan magariba,
tasha ta cika da masu digiri
suna cinikin kujera zuwa Dakoro da Mayahi,
kowa ya tuna inda sungumi yake rataye.

Ni na rage, da ƙofa, da ƙanshin ƙasa.
Ragowar ledar nan tana aljihuna.
Na zuba ta a gwangwanin tumatir,
na jefa ƙwayar gero uku.
Biyu sun fito.