Riga Marar Aljihu

A fadarmu ta Bilbis, gindin dogon yaro,
shayi na biyu bai gama tafasa ba
Shipkau ya jefo tambayar da kowa ke taunawa:
Arzika, nawa suke ba ka?

Na ce, wanne? Kuɗin biyu ne,
kuma ba uwarsu ɗaya ba.

Akwai na takarda, wanda na sa wa hannu a Dakar.
Shi wannan ba ya ƙiba, ba ya rama.
In ka juya shi sefa
zai sayi buhun hatsi huɗu, ya biya kuran,
ya tsaya nan yana haki kamar jakin ɗan ga-ruwa.

Sai tukwici.
Shi ba shi da wata, ba shi da rana,
damina ce ta Adar:
bana ta cika rumbu,
baɗi ta yi hadari ta wuce Tamaske.

Ni da ruwan da na sani ya ƙare a tafkin Tabalak,
ga ni wata bakwai bisa teku
cikin jirgi mai hawa goma sha huɗu,
ɗakina can ƙasa, babu taga,
kifi ya fi ni kusa da rana.
Sai ƙasa ta ɓace a buɗe mana tebur.
In jirgi ya tsaya gari, mu ma mun tsaya:
ba karta, ba ko dala.

Wata tsohuwa mai zobe shida
ta ci dare uku a jere,
kullum ta turo mini jan kwabon roba da farcenta.
Ba nawa ba ne.
In ƙwanƙwasa shi a tebur kowa ya ji,
in jefa shi akwati mai kwaɗo.
Ran Lahadi a raba mu ashirin da uku,
da mai fara'a da mai fuskar shanu,
da ɗan Manila da ke munshari a gadon samana.
Dare na huɗu karta ta juya mata baya.
Ta kalle ni kamar ni na haifi sa'a na ɓoye.
Na yi murmushi. Murmushin yana cikin aikin.

Shipkau ya ce, ashe kana roƙon Allah a cinye maigidanka.
Aka yi dariya. Ban musa ba.

Inna kuwa ba ta dariya da zancen.
Kwano biyu ta ajiye ƙarƙashin gado.
Ta ce, ware mini na gumi da na caca.
Na ce, Inna, hannu ɗaya ya raba kartar.
Ta ce, ware dai.
Na gumi ta sayi gero da albasa.
Ɗayan ta ce ba zai shiga tukunyarta ba,
ba zai taɓa goshin sallayarta ba.
Da shi aka zuba siminti a bayi,
aka yi wa makwararar ƙofar gida murfi,
yaran Kurfayawa sun daina faɗawa ciki.
Kwanon gumi kan ƙare kafin ashirin ga wata.
Ta sani. Na sani.
Ƙanwata Tsahara ke cike shi da dare
daga ɗayan, a hankali, kada ƙarfe ya yi ƙara.

Hutun nan wata biyu ne, ba a biya.
Kowace safiya ina duba waya
ko sun rubuto sunan jirgi da ranar tashi.

Rigar aikinmu ba ta da aljihu.
In za ka bar tebur, sai ka tafa sau ɗaya,
ka buɗe tafuka ga idon da ke rufi,
ciki da bai, a ga ba ka ɗauki komi ba.

Jiya na gama tuwo, na miƙe daga tabarma,
ban sani ba na tafa,
na juya hannuwa sama.
Inna ta ɗaga kai daga tsintar wake.
Ta daɗe tana duban tafukan.
Ta ce, amin,
ta ci gaba da tsinta.