Albarka, Declan

Wata ashirin da huɗu suka cika ran Laraba.
Saƙon ya same ni a bas, hanyar Harehills,
ƙafafuna na zogi bayan aikin dare a gidan tsofaffi.
Wai na cancanci sabuwar waya,
wai ni aka zaɓa.
Wanda aka zaɓa a kasuwa, in ji Inna Tabawa,
ya dafe aljihunsa.

Na ajiye jaka, na haɗa shayi,
na zauna irin zamanta a rumfar Funtuwa,
ƙafa ɗaya a naɗe, fuska ba yabo ba fallasa.
Na kira.

Kiɗa suka sa mini, minti goma sha tara,
kiɗan da bai taɓa tayar da kowa rawa ba.
Shayin ya huce. Yayyafin Leeds na bin gilashin taga.
Can sai murya: sunansa Declan,
yana fatan na tashi lafiya.

Fam arba'in da shida a wata, ya ce,
waya mai ido uku a ƙeya,
data sai kin ture.
Sai dai duk Afrilu kuɗin kan ɗan ɗaga.
Ɗan ɗaga!
Haka ake faɗa wa mai gona a bakin kogi
kafin ruwa ya kai masa gwiwa.

Na ce, Declan, wa ke sayarwa a nan?
Kai a ganinka waya ce haja.
Ni ce hajar.
Gumina na shekara biyu kuke tayawa,
ɗaga tsoho, juya tsohuwa,
shafa mai a bayan da 'ya'yansa suka manta,
kuma tayin bai kai ba.
Da harshensu na yi bayanin,
amma ƙarshen da Hausa ya fito:
Albarka.

Bai san kalmar ba, ya dai ji nauyinta.
Na ji yatsunsa na ƙwanƙwasa allo.
Arba'in da ɗaya, ya ce, don ke ce.
Don ni ce!
Ashe har nan ana rantsuwar 'yan koli.

To ba ni lambar sallama, na ce,
maƙwabtanku sun daɗe suna yafito ni.

Inna ta koya mana: ki juya baya,
ki tafi a hankali, kada ki waiwaya.
In kin yi taku bakwai ba a kira ki ba,
farashin na gaskiya ne, koma ki biya.
A waya babu ƙafa.
Shiru ne tafiyar.
Na rufe baki na soma ƙirga.
Ɗaya. Biyu.
Firji na gurnani a kicin.
Uku. Huɗu.
Zuciyata ta ce ke, batirinki ba ya kai azahar.
Biyar.

Dakata, ya ce.

Ashirin da tara, in zan karɓi ta bara,
ido biyu maimakon uku.
Me zan gani da na ukun?
Na ce na saya. Ina gyara?
Na bayyana masa gyara:
ɗan abin da ake ɗorawa bayan an cika mudu,
don gobe a gaisa.
Ya yi dariya, ta gaske wannan karon,
ya ƙara mini minti ɗari na kiran gida.

Ran Juma'a kwalin ya iso.
Na kwantar da sabuwa kusa da tsohuwa
mai tsagar nan daga kusurwa zuwa kusurwa,
suna ta kwashe kaya kamar masu tashi daga haya:
hotuna, lambobi, bashin da ake bina,
da murya guda, daƙiƙa arba'in,
ta daminar da ba ta ga ƙarshenta ba.

Na danna.
Hansatu, rigar sanyin nan ta hoto,
nawa kika ba su?

Ashirin da tara, Inna, na ce da ɗakin,
daga arba'in da shida.
Kuma na san amsar, har da tsakin:
da kin ƙara taku biyu.