Kunnen Ila

Shekara bakwai ina fataucin aya,
buhu bisa buhu, daga Gazawa zuwa Jibiya,
har kuɗin mota suka cika gwangwanin madara uku.
Na ɗauka tarawa ce wuyar.
Ashe zaɓe na zaune yana jirana.

Daren farko na yi wa salula tambaya guda,
ta ba ni amsa dubu, kowace da rantsuwa.
Wani daga Kwatano ya ce ƴar Turai ba ta san rami ba.
Wani daga Lome ya ce ƴar Amurka ruwa ya ci ta,
aka shanya, aka shafa mata fenti.
Wani yaro da ko gemu bai fito masa ba
ya yi minti arba'in yana kewaya mota,
yana shafa ta kamar ragon layya.
Ni kuwa ina kwance a Zariya,
wuta ta tafi, fanka ta tsaya,
sauro ma na kawo nasa ra'ayin kusa da kunnena.

A fada, Rabe ya zuba shayi na biyu, ya ce mai giya.
Tsahiru ya ce a'a, mai tuƙa kanta.
Shi Tsahiru ko keke bai taɓa saye ba.

Na ari littafin lakwal na ɗana, na ja layi da biro:
shan mai, kayan gyara, kuɗin duwan, kilomita.
Sai aka ce kilomitar ma ƙarya ce,
ana mai da agogo baya,
tsohuwa ta wayi gari budurwa.
Na soke layin. Na soke wanda ke gefensa.
Shafin ya zama kamar gonar da kaji suka tona.

Baba, Allah ya jiƙanka,
na tuna ranar da ka sayi sa a kasuwar Tibiri.
Ka buɗe baki, ka duba haƙori,
ka murɗa wutsiya, ka ga tafiya,
mai shi ya ce albarka.
Kafin azahar muna gida kana shan fura.

Wata uku.
Farashi ya hau, gwangwani bai haihu ba.
Ranar Talata ruwa ya kece,
Habsu ta dawo daga awo bisa kabu-kabu,
cikin wata bakwai, zane jiƙe har gwiwa.
Ba ta yi faɗa ba. Ta matse gyale, ta ce:
“Motarka ta cikin waya, tana da rufi?”

Washegari na je garejin Ila, bayan tasha.
Ila bai san baƙi ba, bare faransanci.
Na fara zuba masa abin da na karanta,
ya ɗaga hannu baƙi ƙirin: “Sa ta aljihu.”
Dillali ya kawo wata toka-toka mai tabo a ƙofa.
Ila ya ɗauki dogon ƙarfe,
kai ɗaya bisa inji, ɗaya a kunnensa,
ya rufe ido kamar mai sauraron huɗuba.
Ya tsoma yatsa a mai, ya murza, ya sansana.
Ya shige ƙarƙashi, sai tafin ƙafarsa nake gani.
Muka bi hanyar Ɗan Isa, yana neman ramuka da gayya.

“Tayar dama na kuka, jika talatin ta warke.
Ba za ta kai ka Makka ba.
Gazawa kam, ta kai ka, ta maido ka.”

Na ƙirga kuɗi da yatsu masu rawa.

Da dare tana tsakar gida, injin na ta ƙas-ƙas yana hucewa,
yara sun yi barci a kujerar baya.
Hannuna ya lallaɓa aljihu da kansa:
ga irinta, fara sol, ƙasa da jika ɗari biyu,
a Yamai, in ji wani mai suna Gaskiya Oto.

Habsu ta zare wayar ba ta ce uffan ba,
ta jefa ta cikin gwangwanin da ya zama fanko,
ta danne murfi.
Can cikin dare ina jin ta tana gurnani,
ita kaɗai, a cikin duhu.