Albasa Guda Ɗaya

Ƙarfe huɗu na asuba a Mile 12,
tirelar Aliero ta shigo tana nishi,
'yan dako sun yanyame ta kamar tururuwa kan gawar fara.
Ina riƙe da littafin lissafi,
ruwan daren jiya ya kai min idon sawu,
sai warin albasa ya bugi hancina,
ya ɗauke ni, ba biza ba tikiti,
ya dire ni a wani ɗan gari a Ingila
inda na yi shekara huɗu da wata bakwai.

Garin bai kai rabin Ketu ba.
Babban titi ɗaya, da agogo a kan hasumiya
mai lattin minti uku.
Kowa ya sani, ba wanda ya gyara.
Ranar Alhamis kasuwarsu ke ci.
Na ce kasuwa? Rumfa goma sha ɗaya, na sha ƙirgawa:
mai cuku, mai kifi da farar motarsa,
wata mai furanni da ban taɓa ganin haƙoranta ba,
sai Mista Gilbat mai kayan miya
da nake taya sauke akwatuna
in na tashi aikin dare a gidan kula da tsofaffi.

Ba a ciniki a can.
Farashi na kan allo, ka biya, ka gode, a gode maka.
Bakina ya yi ta ƙaiƙayin cewa albarka,
ba wanda ya taya balle in ƙi.
Ƙarfe biyu an watse, an share dandali tas,
ko tantabara ba ta samun abin tsinta.

Tara da kwata Doris kan iso
da jan kwat, da keken cefane mai ƙafa ɗaya da ke kuka.
Albasa guda ɗaya.
Ta ɗaga wannan, ta ajiye, ta shinshina waccan,
ta ba ni labarin gwiwarta,
da mijinta da ya ƙare rayuwa a aikin jirgin ƙasa.
Salo take kira na, Sallau ya gagari harshenta.
Ni da ubana ke auna albasa da buhu,
ƙunshe dariya nake yi.
Sai da na ci sanyi biyu a garin
na gane ba albasar take zuwa saye ba.

Wata Alhamis ba ta zo ba.
Ta gaba ma haka.
Kwalaben madara ne suka taru a ƙofarta
suka yi cigiyar da maƙwabta ba su yi ba.
Mu shida muka raka ta, har da mai kifi.
Na tsaya daga baya, hannu a aljihu,
ruwa na sauka siriri kamar yana jin kunya.

A nan, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni,
kafin hantsi wayata ta yi zafi.
Iya Risika ta aiko da jiƙo mai ɗaci,
Barau ya zo har Agege ya ce ƙarya nake, bashinsa nake gudu.

Amma kada in yi son kai.
Wani dare, tsakanin hon ɗin danfo da gurnanin janareta,
nakan yi kewar shirun can,
inda nake jin takun ƙafata a kan duwatsun titi
har in waiga, ko wani ne ke bina.

Yanzu gari ya waye.
Ga wata tsohuwa da lema mai karyayyen haƙarƙari,
ta ɗaga yatsa ɗaya.
Tanimu ya ce, Mama, nan sari ake yi, je ki bakin titi.
Na karɓi wuƙar hannunsa,
na yanke igiyar sabon buhu.
Na ce zaɓi.

Masu motoci uku na jirana, suna duba agogo.
Ta ɗaga wannan, ta ajiye.
Na jawo mata benci.