Ƙarin Lokaci

Litinin ta faɗo ba sallama.
Na jingine babur gindin dalbejiyar Sakatariya,
na sa hannu a rajista, takwas da kwata,
alhali agogon bango na cewa tara ta gota.
Muryata tun daren jiya ta dishe
a gidan kallon Rabe, can Ƙofar Ƙaura,
inda janareta ya mutu muna gaba da ci ɗaya,
ya tashi ya tarar an farke, har an ƙara.

Sada na ɓangaren kuɗi ya riga ni zuwa.
Ya dire mini kofin shayi bisa tebur,
ya ce, "Kurɓa, na ta'aziyya ne, ba ko sisi."
Shekara tara fanka ɗaya ke fifita mu,
ranar suna shi ke riƙe mini ƙafar rago,
amma in rigarsa ja ta haɗu da tawa shuɗiya
ko gaisuwa sai an yi mana roƙo.

Na ce alƙalin wasa ne ya cuce mu.
Minti bakwai ya ƙara. Bakwai!
Wa ya suma? Wa ya karye?
Malama Rakiya ta ɗago kai daga na'ura:
"Su can an biya su tun ba su kwance takalmi ba.
Ku fa? Yau talatin ga wata. Wayar wa ta yi ƙara?"
Kowa ya laluba aljihu.
Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Sha ɗaya saura, sai ga tsohon nan,
baƙar leda a hammata, hula ta sha wanki ta koɗe.
Malam Nalado, tsohon direban Ma'aikatar Ayyuka.
Benci ya san shi, shi ma ya san inda ƙusa take.
Ya saurari musunmu har ya gaji, ya ce,
"Yaro, bar alƙali. Golanku ne ya yi gaggawa.
Ba a barin raga don ƙwallo ta yi maka murmushi."
Ya ɗaga hannu, yatsu biyu a karkace:
"Shekara goma na tsare gida, ba safar hannu,
a filin tsakuwa, ladanmu lemo da ruwan randa."

Na yi dariya. Bakina kuma, da ya saba,
ya ce, "Baba, takardarka sai Alhamis."

Bai yi fushi ba. Ya gyara zaman leda.
"Kai minti bakwai ya hana ka barci.
Ni wata goma sha huɗu ake ƙara mini,
ban ma san wa ke riƙe da usur ɗin ba."

Fanka ta yi juyi uku ba wanda ya tanka.

Na ɗaga jaridar wasanni ta makon jiya,
na ɗaga ta wancan makon,
ga shi nan, kore, ɗaure da jan zare,
da zoben gindin kofina a kan sunansa.
Shafi na huɗu, layi na ƙasa,
gurbin da ke jiran hannu
nawa ne.

Biro ya ƙi. Sada ya miƙo nasa, ja.
Na karɓa, yau ba ranar zaɓen launi ba ce.
Ban jira masinja ba, na hau bene da kaina,
tsohon na biye da ni, yana hutawa duk taki biyar.

Darakta na mitin, in ji sakatare.
Muka zauna, ni da shi, benci ɗaya.
Ya ɓare goro, ya ba ni ɓari mafi girma.
Daga Ƙofar Soro aka fara kiran azahar.
Ya ce, "Asabar da wa za ku kara?"
Na faɗa masa.
Ya girgiza kai. "To, ku gaya wa golan nan ya tsaya."