Harsashi Ɗaya

Bazara ta ƙone gonar shanun Alhaji a bayan Shika,
ciyawa ta koma tsinke, rafi ya koma hanya.
Kawu Jatau mai gadi,
wata uku ba albashi,
ya zaro bindigarsa daga ƙarƙashin katifa
da harsashi ɗaya da ya ranto a Giwa.

Tun kafin assalatu muka lafe bayan suri,
iska na dukan fuskarmu, yadda yake so.
"Kada ka motsa," in ji shi,
"ko cinnaka ya cije ka."

Sai ga ta. Gada, ramammiya,
tana sanɗa kamar wadda ake bi bashi,
ta doshi tankin da shanu ke sha.

Kawu ya runtse ido ɗaya.
Ashe mai ganin ya runtse.

Tau!

Gada ta haure waya.
Tanki ya kama fitsari.

Yau wata huɗu ba albashi,
na biyar kuwa na mai walda ne,
shi ma bai zo ba.
Kullum da asuba Kawu na kan suri, hannu rabbana,
yana kallon ta tana sha a ƙofar da ya huda mata.
Jiya har da ƙanwarta ta zo.