Faifan Caji

Fam goma sha tara na ba mai shagon nan
na titin Wilmslow a Manchester,
ya miƙo min baƙin faifai, ba baki ba hanci,
ya ce, ɗora wayar kawai, da kanta za ta sha.

Daren farko na ɗora ta kamar mai ajiye ƙwai.
Ɗan koren haske ya ƙifta min ido.
Na ce, igiya, mun raba gari,
ke da sai an murɗe miki wuya kike aiki.

Ran Laraba na dawo daga gidan tsofaffi,
ƙafafuna kamar na aro,
na jefa ta a kai ban duba ba.
Ashe ta goce da faɗin ɗan yatsa.
Ta kwana da yunwa a bakin akushi.
Ƙararrawa shiru, asuba ta wuce, bas ta wuce,
kiran Inna daga Gusau ya faɗa rijiya.

Baban Walida ya ce, cire mata riga, ta yi kauri.
Na cire. Da safe na same ta a ƙoshe,
da zafi kamar goshin mai zazzaɓi.

Shi aikin dare, ni na rana.
Katifa ɗaya, bargo ɗaya,
yana shigowa ina ɗaura takalmi.
Jiya na tsaya gyara wa wayarsa zama,
hagu kaɗan, dama kaɗan, har koren ya kama.
Na juya, ya yi barci da rigar aiki,
hannunsa a gurbin da na tashi.
Na daɗe tsaye da jaka a kafaɗa.

Igiyar tana cikin durowa.
Ban yar ba.